Tolkien: Malamin da ya ari dodon tatsuniya ya mayar da shi nasa

Duk mai hulɗa da yaran da suka fara son karatu a zamanin nan ya san irin littattafan da ke yawo a hannunsu, a takarda ko a waya. A bangon galibinsu za ka ga wani ƙaton maciji mai fukafukai irin na jemage, yana feso wuta ta baki. Turawa na kiransa diragon, Larabawa kuma tinnin. Labarin ciki kusan ɗaya ne: maraya a ƙauye, tsoho mai gemu da sanda, takobin gado, da mugun sarki mai neman mallake duniya. In ka bi sawun yawancinsu, za su kai ka ƙofar mutum ɗaya, wani malamin jami'a ɗan Ingila mai suna John Ronald Reuel Tolkien. Abin da ya ja ni ga tarihinsa shi ne, shi ma da ake kwaikwayo aro ya yi, kuma bai ɓoye ba. Sai dai aro suna ya tara.

A nahiyarmu aka haife shi, a garin Bloemfontein na Afirka ta Kudu ta yau, ranar 3 ga Janairun 1892. Mahaifinsa manajan banki ne. Yana ɗan shekara uku mahaifiyarsa, Mabel, ta tafi da shi da ƙanensa Ingila ganin gida, suna can uban ya mutu a 1896. Sai ta zauna da su a wani ƙauye, Sarehole, kusa da Birmingham, ita ce malamarsu ta farko. Ita ta fara koya masa Latin, kuma a hannunta ya samu littattafan tatsuniya. Wanda ya fi shiga ransa shi ne na Andrew Lang, mai ɗauke da labarin Sigurd, jarumin mutanen arewacin Turai da ya kashe diragon mai suna Fafnir. Yana wajen shekara bakwai ya gwada rubuta nasa labarin diragon. Uwar ta karanta, ta nuna masa cewa ya sa wata siffa gaban wadda ya kamata ta riga ta. Yaron ya kasa gane dalilin wannan ƙa'ida, abin ya tsaya masa a rai, ya ajiye rubutun labari na shekaru ya koma bin diddigin harshe.

A 1900 Mabel ta koma ɗariƙar Katolika, a ƙasar da mabiyanta tsiraru ne, dangi suka janye tallafin da suke ba ta. Ta ci gaba da fama har ciwon sukari ya yi ajalinta a 1904, tana da shekara 34, a lokacin ba a gano allurar insulin ba. Tolkien ya zama cikakken maraya yana ɗan shekara 12. Wani limamin coci, Francis Morgan, ya riƙe su. Da yaron ya kai 16 ya fara son wata marainiya, Edith Bratt, sai mariƙin ya ga karatu zai lalace, ya hana shi ko rubuta mata wasiƙa sai ya cika 21. Ya yi biyayya. Ranar da wa'adin ya cika ya rubuta mata, kuma ita ya aura a 1916.

A jami'ar Oxford, inda ya shiga a 1911, ya ci karo da nahawun harshen Finland, ya kuma ƙara zurfafa a tsoffin waƙoƙinsu da aka tara a littafin Kalevala. Labarin farko da ya rubuta yana saurayi, sake fasalin labarin wani maraya ne, Kullervo, daga cikin wannan littafi. Ka ga ke nan shi ma da kwaikwayo ya fara.

Ya gama digiri a 1915 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wata uku bayan aurensa aka tura shi Faransa a matsayin hafsan sadarwa, ya ga gumurzun Somme da idonsa. Biyu daga cikin aminansa uku na makaranta ba su dawo ba. Shi kuwa zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa a ramukan yaƙi ne ya kwantar da shi, aka mayar da shi gida a Nuwamban 1916. A wannan jinya ya fara rubuta labaran wata duniya ta ƙirƙira, domin harsunan da ya ƙaga tun yana yaro su samu masu magana da su.

Bayan yaƙi ya yi aiki a babban ƙamus na Oxford, yana tono asalin kalmomin da ke farawa da harafin W. Ya koyar a Leeds, sannan a 1925 ya zama farfesan tsohon Ingilishi a Oxford. Darasin da aka fi saninsa da shi shi ne Beowulf, wata doguwar waƙa mai layi 3,182, wadda kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, rubutun wajen shekara dubu da ta wuce, shi ma da ƙyar ya tsira daga gobara a 1731. Masana na lokacin sun ɗauki waƙar rumbun tarihi ne kawai, dodannin cikinta kuma shirmen yara. A wata lacca da ya yi a 1936, Tolkien ya nuna cewa dodannin su ne ƙashin bayan waƙar, domin da su mawaƙin ya siffanta mutuwar da babu jarumin da ke tsere mata.

'Ya'yansa huɗu, albashi ba ya kai wata, don haka yakan karɓi aikin duba takardun jarrabawar 'yan sakandare a lokacin hutu. Duk malami ya san gajiyar wannan aiki. Wata rana, wajen 1930, ya buɗe takardar wani ɗalibi ya tarar da shafi guda babu komai. A kan wannan shafi ya rubuta jimla ɗaya game da wata halitta da ya kira hobbit, wadda shi kansa bai san ko mece ce ba. Daga nan labari ya tsiro, yana ba 'ya'yansa da dare. Da rubutun ya isa kamfanin George Allen & Unwin, mai kamfanin ya miƙa wa ɗansa Rayner, ɗan shekara goma, ya karanta ya ba da rahoto a kan ladan sule guda. Yaron ya yaba. The Hobbit ya fito ranar 21 ga Satumban 1937, kwafi 1,500, kafin ƙarshen shekara sun ƙare.

To bari mu lissafa kayan aron. A Beowulf akwai diragon da ya kwanta a kan dukiya shekara 300, wani bawa ya sace masa kofi ɗaya, ya fusata ya ƙone ƙasa. A The Hobbit, Bilbo ya saci kofi daga taskar diragon Smaug, Smaug ya tashi ya ƙone wani gari da ke kan tafki. Fafnir na tsohon labari yana magana, Sigurd kuma ya ɓoye masa sunansa. Haka Bilbo ya yi ta yi wa Smaug kacici-kacici don kada ya san ko shi wane ne. Ta ciki aka soke Fafnir, inda fatarsa ke da laushi; Smaug ma ta wani ɗan gurbi a ƙirji kibiya ta same shi. Hatta sunayen yawancin wadanni 13 da Bilbo ya raka, da na hatsabibin tsohon nan Gandalf, daga wata tsohuwar waƙar mutanen Iceland ya kwaso su. Da aka tambaye shi a wata jarida a 1938, ya amsa cewa Beowulf na cikin tushen da ya fi daraja.

Mene ne nasa ke nan? Na farko, jarumin. Bilbo gajere ne, ɗan shekara 50, mai son abinci a kan lokaci da zaman gida, kuma ba shi ya kashe Smaug ba. Wani maharbi ne, Bard. Na biyu, kuma shi ne babba a wurina, Smaug ya mutu a babi na 14, alhali littafin babi 19 ne. Bayan mutuwar dodon ne fitina ta gaskiya ta tashi. Thorin, shugaban wadannin, da ya ga zinari sai ya ƙi ba mutanen da aka ƙone wa gari ko ƙwandala, halin dodon ya koma kansa. Bilbo ya ɗauki lu'ulu'un da Thorin ya fi ƙauna ya kai wa waɗanda suka yi wa dutsen ƙawanya, don su samu abin ciniki a kauce wa zub da jini. Thorin ya kira shi maci amana, sai a kan gadon mutuwa suka shirya. Kashi ɗaya cikin 14 na dukiyar aka yi wa Bilbo alkawari, amma ƙananan akwatuna biyu kawai ya ɗauka, ya iso gida ya tarar ana gwanjon kayansa, an ɗauka ya mutu. Tolkien ba ya son a ce labarinsa kinaya ce ga wani yaƙi. Amma a ganina, mutumin da ya bar aminansa a ƙasar Faransa ne zai san cewa faɗuwar abokin gaba ba ta ƙare masifa, kuma mai dawowa gida ba ya tarar da shi yadda ya bar shi. 

A wata lacca a jami'ar St Andrews a 1939, ya kwatanta tatsuniyoyin duniya da tukunyar miya da ba a taɓa sauke ta daga murhu ba, kowane zamani na jefa nasa a ciki. Abin dariya, kwatancen miyar ma daga wani tsohon mai fassara, George Dasent, ya aro shi, kuma ya ambaci sunansa.

Mu masu karatun Hausa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A daidai wannan tsakani, 1937 zuwa 1939, Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fito daga Zariya. Imam ya ɗebo daga Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamusawa, hatta akun da ke ba ɗan sarki labari don ya hana shi fita asalinsa daga Indiya ne. Amma wa ya taɓa karanta shi ya ji ƙamshin wata ƙasa? Fadar tamu ce, fadawan namu ne, barkwancin ma namu.

Kamfanin ya nemi Tolkien ya yi ci gaban labarin. Sai da ya shafe shekara 12 yana rubutu da gyara, kafin The Lord of the Rings ya fito cikin juzu'i uku a 1954 da 1955. Ya yi ritaya a 1959. Shahara ta zo masa da tsufa, har ta dame shi, ya ƙaura daga Oxford don gudun masu ziyara da masu bugo waya da tsakar dare. Edith ta mutu a 1971, shi kuma ranar 2 ga Satumban 1973 yana da shekara 81. Kabari ɗaya aka sa su a Oxford. Labaran da ya fara a gadon jinya a 1916 bai ga fitarsu ba. Ɗansa Christopher ne ya tattara su ya buga a 1977 da sunan The Silmarillion.

A wannan shekarar ce Terry Brooks ya fitar da The Sword of Shannara, wanda masu sharhi suka ce ya bi Tolkien sawu da ƙafa, amma ya yi kasuwa sosai, kamfanoni suka gane akwai riba a kamanni. Daga baya Christopher Paolini, wanda ya fara rubuta Eragon yana ɗan shekara 15, ya sha irin wannan suka. Ni ban ga laifin yaro ɗan 15 ba. A makarantar allo ma da bin rubutun malam ake farawa. Bambancin shi ne, masu kwaikwayo da yawa ɗinkakkiyar rigar Tolkien suka ɗauka suka sauya mata aiki a wuya, shi kuwa gonar auduga ya je, ya kaɗa zarensa, ya saƙa. Shekara da shekaru ya yi yana karanta tushen a harshensu na asali, sannan ya zuba maraicinsa da yaƙinsa a ciki. Kama da wane ba ta wane.

Na san akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da irin waɗannan littattafai saboda tsafe-tsafen da ke ciki, kuma haƙƙinsu ne su duba abin da 'ya'yansu ke karantawa. Ni abin da ke damuna a aji daban ne. In na ba ɗalibai aikin ƙirƙirar labari, da yawa fim ɗin da suka kalla suke kawo min, an dai sauya sunayen zuwa Musa da Binta. Ba na soke aikin. Nakan tambayi yaro: wannan dodon naka, me yake tsarewa a unguwarku, kuma wa zai yi rigima da wa bayan an kashe shi? Nakan tuna musu macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Yaron da ya taɓa bin layin famfo da jarka tun asuba ya san wannan maciji fiye da yadda zai taɓa sanin Smaug. In ya ari fukafukai da wuta daga Tolkien ya ɗora masa, babu komai, muddin ƙishin da ke cikin labarin nasa ne.