Jesse Brown: Ɗan Manomin da Ya Tuƙa Jirgin Yaƙi

A wannan fitowa mun zaɓo tarihin Jesse Brown, baƙar fata na farko da ya kammala horon tuƙin jirgin sama a rundunar sojan ruwan Amurka. An haife shi ranar 13 ga Oktoba, 1926, a Hattiesburg ta Jihar Misisipi. Mahaifiyarsa malamar makaranta ce, mahaifinsa kuwa daga baya ya koma noman gonar wani, in an girbe a raba. Da kaftu da tsinkar auduga Jesse ya girma, yana taka sayyada mil 3 zuwa makaranta mai aji ɗaya tak.

A 1944 ya shiga Jami'ar Jihar Ohayo. Da rana karatu, da dare dakon kaya a tashar jirgin ƙasa don ya biya kuɗin makaranta. Duk da wariyar launin fata ta wancan zamani, ya sami lambarsa ta matuƙi ranar 21 ga Oktoba, 1948. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, sai aka tura shi fagen fama a kan Leyte, babban jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama.

Ranar 4 ga Disamba, 1950, jirage 6 suka tashi domin agaza wa sojojin Amurka da dakarun Sin suka yi wa ƙawanya a tafkin Cosin. Suna shawagi ƙasa-ƙasa sai wani abokin tafiyarsa ya hango mai yana tsiyaya daga jirgin Jesse, alamar harsashi ya huda bututu. Jirgin nan, samfurin Corsair, injinsa ɗaya ne, man inji kuwa shi ne jininsa. In ya tsiyaye, ƙarfe ya goga ƙarfe, injin ya ƙame, ba sauran komawa gida.

A nan ne horo ya yi ranarsa. Jesse bai ruɗe ba. Ya zubar da tankunan mai na waje da rokokin da yake ɗauke da su, don jirgi ya yi sauƙi kuma kada ya yi bindiga wurin sauka. Sannan ya zaɓi wani ɗan fili mai dusar ƙanƙara a gefen dutse, ya nufe shi. Ya sauka da ransa, amma jirgin ya lanƙwashe ya danne masa ƙafa.

Ganin haka, abokinsa Thomas Hudner, farar fata, ya kifar da nasa lafiyayyen jirgin da gangan kusa da shi. Ya riƙa kamfatar ƙanƙara da hannu yana kashe wuta. Da jirgi mai saukar ungulu ya iso, shi da matuƙinsa suka shafe kimanin minti 45 suna sara da gatari, ƙarfe ya ƙi. Duhu ya kawo jiki, dole suka tashi. A can Jesse ya cika yana da shekara 24, ya bar mata da 'ya ɗaya.

A 1951 Shugaba Truman ya ba Hudner lambar jarunta mafi girma ta ƙasar, a 1972 kuma aka ƙaddamar da jirgin ruwan yaƙi mai sunan Jesse Brown. Mu da muka tsufa a aji mun san natsuwa irin tasa ba a tsintarta ranar masifa. Tun a aji mai ɗaki ɗaya ake fara dasa ta.