Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Mutumin da ya ɗinke daula da garuruwan ribaɗi

Duk wanda ya tsaya bakin hanya a Kalambaina da safe zai ga tireloli na fita da siminti zuwa Kano da Gusau da Birnin Kebbi. Direban na iya zama Bazazzagi, yaron motar Bagobiri, mai shayin da ke gefe kuma Bafulatani, amma duk da Hausa suke ciniki, kuma da an kira salla sahu ɗaya suke shiga.

Wannan cuɗanya tana da tarihi. Cikin waɗanda suka fi taka rawa wajen samar da ita akwai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin Sakkwato, ya kuma shafe shekara 20 yana zaunar da mutane a sababbin garuruwa.

Tasowa a gidan ilimi

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuma Hauwa'u. Ya taso a Ɗagel, a ƙasar Gobir, inda ya yi karatu a hannun mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi da sauran malaman jama'ar Shehu.

Lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, jama'a ta yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Bello bai wuce shekara 23 ba. Ya halarci yaƙin Tafkin Kwatto a wannan shekarar, ya kuma ga asarar da aka tafka a Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata da yawa suka kwanta dama.

A 1808 shi ne ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. A nan Yunfa ya rasa ransa.

Sakkwato ta fara ne a matsayin sansani

Shekarun yaƙi sun koya wa Bello cewa rundunar da ba ta da mazauni yunwa da annoba ke fara cin ta kafin abokan gaba. Saboda haka a 1809 ya zaɓi wani tudu kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato, ya kewaye shi da ganuwa. Wurin na da ruwa, yana da fadama, kuma yana da sauƙin tsaro.

A wajen 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa gida biyu, yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Bello. A wannan lokacin ne Bello ya rubuta littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda har gobe masana ke dogaro da shi wajen sanin tarihin jihadi. A cikinsa akwai wasiƙun muhawarar da aka yi da Shehu Muhammadul Amin El-Kanemi na Borno, wanda ya ƙalubalanci halaccin yaƙar ƙasar da take ta Musulmi.

Shehu ya baro Sifawa ya dawo Sakkwato a 1815, ya rasu a watan Afrilun 1817. Aka yi wa Bello mubaya'a.

Saɓani da baffansa

Mulkin bai fara da daɗi ba. Malam Abdullahi, wanda ya girme shi kuma ya karantar da shi, bai yi mubaya'a nan take ba. Ga kuma tawaye ta ko'ina. Abdussalami, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu waɗanda ba Fulani ba, ya yi bore a Kware bisa ƙorafin cewa ba a yi masa adalci a rabon ƙasa ba. Bello ya yi ta aika masa da wasiƙu, daga ƙarshe aka gwabza, Abdussalami ya rasu a 1818.

Ragowar magoya bayansa suka taru a wani gari mai suna Kalambaina, a ƙasar Gwandu, takwarar wannan da ke gefen birnin Sakkwato. Suka matsa wa Abdullahi lamba. A wajen 1821 Bello ya ɗauki runduna ya kai wa baffansa ɗauki, aka ci garin.

Ruwayoyin tarihi sun nuna cewa da suka haɗu, Bello ya yunƙura zai sauko daga doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Daga wannan rana Sakkwato da Gwandu suka zama gida ɗaya mai ƙofa biyu.

Dabarar ribaɗi

Boren ya nuna wa Bello cewa cin ƙasa da takobi bai isa a riƙe ta ba. Sai ya koma ga wata tsohuwar dabara ta tarihin Musulunci, wato ribaɗi: garin da ake kafawa a kan iyaka, a kewaye shi da ganuwa, a zuba masa mayaƙa da iyalansu, da malamai da manoma da masu sana'a.

Ya ɗora 'yan'uwansa da 'ya'yansa a kan irin waɗannan garuruwa. Ƙanensa Isa ya zauna Kware, Muhammadu Buhari yana Tambuwal, Ahmadu Rufa'i kuma yana Silame. Shi da kansa ya mayar da Wurno mazauninsa, don ya fi kusa da iyakar Gobir.

Kowane ribaɗi na da masallaci da makaranta da kasuwa da alƙali. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya bayyana cewa aikin shugaba ne ya samar wa kowane gari maƙera da masaƙa da majema da manoma, ya kula da hanyoyi da kasuwanni. A Kano ma Sarki Ibrahim Dabo, wanda Bello ya tabbatar a 1819, ya kafa nasa garuruwan ribaɗi.

Babban abin da ya sa a gaba shi ne Fulani makiyaya. Ya ja hankalinsu su zauna a gari, su kai 'ya'yansu makaranta, su ƙara kiwon dawaki da raƙuma waɗanda ake buƙata wajen tsaro. Da suka zauna suka yi auratayya da maƙwabta, sannu a hankali Hausa ta zama harshen gida a wurare da dama. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta ƙarfafa wannan da waƙoƙin koyarwa na Hausa da Fulatanci, waɗanda matan 'yan taru ke kaiwa ƙauyuka.

Ko a Turai haka aka yi

Masana tarihin Turai sun nuna cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 13 irin wannan ne ya haɗa nahiyar. Mayaƙa da manoma da 'yan kasuwa da limaman coci sun bazu zuwa iyakoki suna kafa garuruwa. An kafa birnin Lubek a arewacin Jamus a 1143, daga baya garuruwa masu yawa a gaɓar tekun Baltik suka kwafi dokokinsa. Ta haka mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka wayi gari da tsarin gari iri ɗaya da ibada iri ɗaya da rubutun Latin.

A Daular Usmaniyya, fiƙihun Malikiyya da rubutun Larabci da ajami da sarautu irin su Waziri da Alƙali ne suka yi wannan aikin, tun daga Gwandu har Bauchi.

Waɗanda suka biya farashi

A Turai da nan, akwai waɗanda abin ya faɗa wa a ka. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi noma a gandayen sababbin garuruwa bayi ne da aka kamo a yaƙi. Masu sarautar da aka kora kuwa ba su haƙura ba. Katsinawa sun kafa Maraɗi, Zazzagawa sun kafa Abuja ta farko, wadda yanzu ake kira Suleja, kuma sun ci gaba da kai hare-hare.

A 1836 Bello ya fita da kansa ya kara da haɗakar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke. Ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka rasu a fagen daga. Bayan haka ne Gobirawa suka kafa Tsibiri, a Nijar ta yau.

Malami a kan karaga

Duk da yawan yaƙe-yaƙe, Bello bai ajiye alƙalami ba. Ya yi rubutu kan mulki da tarihi da sufanci, har da magunguna, ciki har da ciwon ido da basur. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya ziyarce shi a 1824, ya yi mamakin faɗin karatunsa. Clapperton ya sake dawowa, ya kuma mutu a Sakkwato a 1827. Alhaji Umaru Futi ma ya zauna a wurinsa na wasu shekaru, ya auri 'yarsa.

Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837 yana da shekara 56, kuma a can kabarinsa yake. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ne ya gaje shi. Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello tattaɓa-kunnensa ne.

A yau yankin da ya kakkafa wa ganuwa, daga Wurno da Raba zuwa Goronyo da Isa, shi ne ke fama da 'yan bindiga, manoma na barin gonakinsu suna kwararowa birni. Tambayar da Bello ya fuskanta ita ce dai ke gabanmu: yaya za a yi makiyayi da manomi su zauna gari ɗaya cikin aminci? Amsar da ya bayar ta haɗa da mayaƙa, amma ta haɗa da kasuwa da makaranta da alƙalin da kowa zai iya kai ƙara gabansa.