Jules Isaac: malamin tarihin da ya bi diddigin ƙiyayya

A wannan fili yau mun ɗauko tarihin Jules Isaac, Bayahuden Faransa da aka haifa a garin Rennes a 1877. Malamin tarihi ne. Littattafan da ake kira Malet-Isaac, waɗanda 'yan lakwal na Faransa suka yi shekaru suna karantawa, da hannunsa a ciki. Ya yi Yaƙin Duniya na Farko har ya ji rauni, kuma a 1936 aka naɗa shi babban sufeton ilimi.

Duk wannan bai cece shi ba. A 1940 gwamnatin Vichy, wadda Nijar ma ke ƙarƙashinta har 1942, ta kore shi daga aiki don kawai shi Bayahude ne. A 1943 aka kama matarsa da ɗiyarsa, aka kashe su a sansanin Auschwitz. Shi ya tsira ne don ba ya gida ranar.

Maimakon neman ramuwa, sai ya duƙufa ga bincike: daga ina wannan ƙiyayya ta samo asali? Ya gano cewa shekaru aru-aru an yi ta cusa raina Yahudawa a wa'azin majami'u da karatun yara, har abin ya zama jiki. Ya bayyana haka cikin littafinsa na 1948 kan Annabi Isa da Isra'ila, da wani na 1962 kan koyar da raini.

A 1960, yana da shekara 82, ya kai hujjojinsa gaban Paparoma Yohana na 23. Ya rasu a 1963. A 1965 majami'ar Katolika ta fidda sanarwar da ta haramta ɗora wa Yahudawa baki ɗaya alhakin gicciyewar da Kirista suka yi imani da ita. Sanarwar ta kuma ambaci Musulmi da girmamawa.

Mu ma nan, daga Agye zuwa Gazawa da Gidan Rumji, muna jin yadda ake yi wa mahauta da arna da jikokin bayi gori, har ana hana su aure. A bakin manya yaro ke jin gori kafin ya maimaita shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka iyaye da malamai da mu ma'aikatan rediyo sai mu kula da abin da muke faɗa gaban yara.