JAMALUDDINI AL-AFGANI DA MUJALLARSA TA GUDUN HIJIRA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari na Birnin Kudu da Gwaram, ga tarihin wani malami don mu ɗauki darasi. An haifi Sayyid Jamaluddini wajen 1838. Ya zauna Masar daga 1871 yana karantarwa, har sarkin ƙasar, Taufiƙ, ya kore shi a 1879. Da Turawan Ingila suka mamaye Masar a 1882, almajirinsa Muhammadu Abduh shi ma aka kore shi. Malami da almajiri suka haɗu a birnin Paris.

A can suka kafa mujallar Larabci mai suna Al-Urwatul Wusƙa, watau igiya mai ƙarfi, a watan Maris 1884. Kyauta ake aika ta ƙasashen Musulmi, tana kiran su haɗa kai, tana tona asirin mulkin Ingila ba tsoro. Ingila ta hana shigar da ita Masar da Indiya. Fitowa 18 kacal ta yi, ta tsaya a Oktoban shekarar. Amma fa ba ta mutu ba. Wani saurayi a Sham, Rashidu Rida, ya karanta tsofaffin kofenta, ya yi hijira zuwa Alƙahira, ya kafa Al-Manar a 1898.

To, ku dubi ƙarshen al'amarin. A 1892 Sarki Abdulhamid ya gayyaci Jamaluddini Santambul, ya ba shi gida da albashi, ya kuma sa masu leƙen asiri a kansa. Mutumin da ya girgiza Ingila daga ɗakin baƙunta bai sake fitar da mujalla ba, bai kuma sami izinin fita ba, har ciwon daji ya ɗauke shi a 1897.

Kun gani ke nan, korar sarki ba ta rufe bakinsa ba, kyautar sarki ce ta rufe shi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Duk wanda zai riƙe alƙalami ko ya hau mumbari a cikinku, ya fara duba hannun da ke ciyar da shi.

Allah ya jiƙansa, ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.