Bessie Coleman: Matuƙiyar jirgin da ta samu lasisi, ba ta samu albashi ba

A ranar 15 ga Yuni, 1921, hukumar harkokin jiragen sama ta duniya, Fédération Aéronautique Internationale, ta ba wa wata Ba'amurkiya 'yar shekara 29 lasisin tuƙin jirgi. Sunanta Bessie Coleman, ita ce mace baƙar fata ta farko da ta riƙe irin wannan takarda. Sai dai shekaru biyar da ta yi a duniya bayan haka, ba a ofis ko kamfani ta yi su ba. Ta ƙarar da su tana neman yadda takardar za ta ciyar da ita.

An haife ta ranar 26 ga Janairu, 1892, a ƙauyen Atlanta na jihar Teksas, ita ce ta goma cikin 'ya'ya goma sha uku. Iyayenta, George da Susan, gonar wasu suke nomawa a raba amfani. A Waxahachie ta tashi, tana taka mil huɗu zuwa makarantar baƙar fata mai aji ɗaya, kuma da kakar auduga ta zo sai a ajiye karatu a shiga gona. Ta fi kowa iya lissafi. Tana da shekara 18 ta shiga kwalejin baƙar fata da ke Langston a Oklahoma da ɗan abin da ta tara, zango ɗaya ta yi kuɗi suka ƙare, ta dawo gida.

A 1915 ta koma Shikago wurin 'yan'uwanta maza, ta kama aikin gyaran farce a wani shagon aski. A nan ta riƙa jin labarin jirage daga bakin waɗanda suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, har ɗan'uwanta John yana tsokanarta da cewa matan Faransa suna tuƙa jirgi, ita kuwa ba za ta iya ba. Ta nemi gurbi a makarantun tuƙi na Amurka, duk suka ƙi ta, saboda mace ce kuma baƙar fata.

Robert Abbott, mai jaridar Chicago Defender, shi ya ba ta shawarar tafiya Faransa. Abin da ta yi daga nan, duk wanda ya taɓa biyan kuɗin karatu da guminsa zai gane shi. Ta ƙara aiki na biyu a wani gidan abinci, ta shiga ajin koyon Faransanci, ta kuma samu tallafin jaridar Abbott da na Jesse Binga, wani baƙar fata mai banki. A Nuwamban 1920 ta hau jirgin ruwa. A makarantar 'yan'uwan Caudron da ke Le Crotoy, arewacin Faransa, ta koyi tuƙi a jirgin Nieuport mai fukafukai hawa biyu, wanda aka yi da katako da yadi. Cikin wata bakwai ta kammala.

Da ta sauka Amurka a Satumban 1921 jaridu sun yi mata maraba, amma aiki babu. Sufurin fasinja ta sama bai kafu ba tukuna, ga kuma tarin matuƙan soja da aka sallama bayan yaƙi suna zaune. Hanyar da ta rage wa mai lasisi ita ce wasan jirgi a gaban 'yan kallo: a wuntsila a sama, a suro ƙasa kamar za a faɗi, a diro da laima, a raba kuɗin ƙofa. Ko wannan ma sai da ƙarin horo, kuma ba wanda zai koya mata a gida. Sai ta sake komawa Turai a Fabrairun 1922, ta yi Faransa, ta je Holan inda ta gana da mai ƙera jirage Anthony Fokker, ta wuce Jamus. Wato sau biyu ta biya kuɗin horo kafin ta ci sisin sana'ar.

Wasanta na farko ya kasance ranar 3 ga Satumba, 1922, a filin Curtiss da ke Long Island, aka biyo da na Shikago bayan makonni shida. Suna ya fita, ana kiranta Sarauniya Bess. Amma kuɗin ƙofa ba albashi ba ne. Matuƙin da ba shi da jirgi sai ya yi aro ko haya, wanda kuma talaka zai iya saya shi ne Curtiss JN-4, tsohon jirgin horon soja da ake gwanjonsa. Irinsa ta saya, kuma a Fabrairun 1923 injinsa ya tsaya a sama a yankin Los Angeles, ta faɗo, ta karye a ƙafa da haƙarƙari uku. Ta yi jinya, jirgi ya tashi daga aiki, ta koma yawon lacca tana nuna fim ɗin tuƙinta.

A nan ne, a ganina, halinta ya fi fitowa fili, domin ta ƙi kuɗi a lokacin da take matuƙar buƙatarsu. An ba ta rawa a wani fim, da ta ga za a fito da ita cikin tsumma da sanda a hannu sai ta bar aikin. A garuruwan kudu kuma ta ƙi yin wasa inda za a hana baƙar fata shiga. A Waxahachie ta dage sai kowa ya bi ƙofa ɗaya. Burinta shi ne ta buɗe makarantar tuƙi ta baƙar fata, don kada wani ya sake tsallaka teku neman abin da ake koyarwa a ƙasarsu. Don ta tara kuɗin wani jirgi har shagon gyaran gashi ta buɗe a Orlando.

Jirgin da ta samu a Dallas shi ma tsohon JN-4 ne. Bakanikenta, William Wills, ya tuƙo shi zuwa Jacksonville a Fulorida, kuma sau uku yana saukar dole a hanya. 'Yan'uwa da abokai sun roƙe ta kada ta hau. Ranar 30 ga Afrilu, 1926, suka tashi gwaji, Wills na tuƙi, ita kuma ba ta ɗaura bel ba domin tana leƙen filin da za ta diro da laima washegari. Bayan kimanin minti goma jirgin ya suro yana juyi, ya wurgo ta daga nisan ƙafa 2,000. Wills ma ya mutu a cikinsa. Bincike ya nuna wata sifana ce ta zame ta cije linzamin jirgin. Shekarunta 34. Mutum kusan 10,000 suka halarci makokinta a Shikago.

Makarantar da ba ta buɗe ba, William Powell ya kafa ta da sunanta a Los Angeles a 1929. Ƙofar albashi kuwa ta daɗe a rufe. Helen Richey, mace ta farko da kamfanin fasinja na Amurka ya ɗauka matuƙiya a 1934, ƙungiyar matuƙa ta ƙi karɓarta, ba ta cika shekara ba ta ajiye aiki. Sai a 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Marlon Green gaskiya a ƙarar da ya kai kamfanin Continental kan ƙin ɗaukarsa saboda launin fata, a 1964 kuma American Airlines ya ɗauki David Harris. A 1992, da Mae Jemison ta zama mace baƙar fata ta farko da ta je sararin samaniya, hoton Bessie Coleman na cikin kayan da ta tafi da su.