Heike Kamerlingh Onnes

Heike Kamerlingh Onnes (21 ga Satumba, 1853 – 21 ga Fabrairu, 1926) masanin fiziks ne ɗan ƙasar Holan. Shi ne ya fara mayar da iskar hiliyom ruwa, kuma a ɗakin bincikensa aka gano cewa wasu ƙarafa, idan suka yi matsanancin sanyi, wutar lantarki na ratsa su ba tare da wata turjiya ba. Ya samu kyautar Nobel ta fiziks a shekarar 1913.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Groningen, inda mahaifinsa yake da masana'antar bulo. Ya yi karatu a jami'ar garin, sannan a Heidelberg ta Jamus a hannun Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff. Ya kammala digirin digirgir a 1879, aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Leiden a 1882.

Neman sanyi

Onnes ya shafe fiye da shekara ashirin yana gina ɗakin bincike kafin ya kai ga abin da yake nema. A 1895 hukumar Leiden ta tsorata da iskokin da yake matsewa a tukwanen ƙarfe, kuma tsoron yana da dalili: ginin yana unguwar da jirgin ruwa ɗauke da albarushi ya tarwatsa a 1807. Aikin ya tsaya kusan shekara uku, James Dewar na Ingila kuwa ya riga shi mayar da haidurojin ruwa a 1898. A 1901 Onnes ya kafa makarantar horar da masu ƙera kayan awo da masu hura gilashi, kuma da hannunsu ya yi wa abokan takararsa fintinkau.

Ranar 10 ga Yuli, 1908, bayan aikin yini guda, ya samu ruwan hiliyom da bai cika ƙaramin kofi ba. Hiliyom na zama ruwa a digiri 4.2 na ma'aunin Kelbin, wato kusan digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Sai a 1923 wani ɗakin bincike, a Toronto, ya iya yin haka.

Gano rashin turjiya

Masana sun yi saɓani kan abin da zai faru da lantarki a irin wannan sanyi. Lord Kelvin na ganin zai daskare ya daina gudana. Onnes ya zaɓi zaiba domin tana da sauƙin tacewa. Ranar 8 ga Afrilu, 1911, da Gilles Holst a kan na'urar awo, turjiyar zaiba ta ɓace. Gwaje-gwajen baya sun nuna ba a hankali take raguwa ba, farat ɗaya take faɗuwa a wajen digiri 4.2. Daga baya an ga haka a kuza da dalma. A 1914 ya saka lantarki a naɗin wayar dalma, ya ci gaba da zagayawa ba batir. Ya kuma gano cewa maganaɗisu mai ƙarfi na rushe wannan yanayi, abin da ya kashe masa burin ƙera manyan maganaɗisai. Abin lura, kwamitin Nobel ya fi ambaton ruwan hiliyom a kan wannan ganowa.

Rasuwa da abin da ya bari

Ya rasu a Leiden bai ga bayanin abin da ya gano ba. Sai a 1957 John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer suka fayyace shi, a 1962 kuma Brian Josephson ya yi hasashen yadda lantarki ke tsallake siririn shinge tsakanin irin waɗannan ƙarafa biyu. Da wannan shinge ake gina kubit, ƙwayar lissafin wani nau'i na kwamfutar kwantam. Rashin turjiya ne ke ba kubit damar riƙe yanayinsa na ɗan lokaci kafin ya lalace. A 2009 masana a Jami'ar Yale sun gudanar da lissafin Grover a kan kubit biyu, inda na'urar ke gano abu ɗaya cikin huɗu da tambaya guda. A 2016 kamfanin IBM ya buɗe wa jama'a na'ura mai kubit biyar ta intanet. Da hiliyom ake sanyaya irin waɗannan na'urori zuwa kimanin digiri 0.02 na Kelbin.