Susanna Wesley: Uwar da Ta Mai da Gidanta Makaranta da Majami'a

Sunan John Wesley, wanda ya kafa Ikkilisiyar Methodist, da na ƙanensa Charles, wanda ya rubuta waƙoƙin sujada fiye da 6,000, ba baƙi ba ne ga masu bi. Amma kaɗan ne suka san matar da ta goye su. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, rayuwar Susanna kuwa shaida ce ga wannan magana.

An haife ta a birnin Landan a watan Janairu 1669. Ita ce auta cikin 'ya'ya 25 na Dakta Samuel Annesley, wani mashahurin mai wa'azi daga cikin waɗanda suka rabu da Ikkilisiyar Ingila. Mahaifin ya ba ta ilimi irin wanda ba a saba ba 'ya'ya mata ba a wancan zamani. Tun ba ta cika shekara 13 ba, ta auna hujjojin ɓangarorin biyu da kanta, ta zaɓi shiga Ikkilisiyar Ingila. A shekarar 1688 ta auri Samuel Wesley, wanda daga baya aka ba shi kiwon ikkilisiyar Epworth a yankin Lincolnshire.

Zaman aurensu bai zo da sauƙi ba. Ta haifi 'ya'ya 19, tara suka rasu tun suna jarirai. Bashi ya yi wa maigidan katutu, har a 1705 aka kulle shi a kurkukun Lincoln. Susanna ta aika masa da zobbanta domin ya sayar ya ci abinci, shi kuwa ya mayar mata da su. Kafin wannan ma an yi wata tsamar da ta kusa rushe gidan. Susanna ba ta yarda cewa Sarki William na Uku ne halattaccen sarki ba, saboda haka ta ƙi cewa amin sa'ad da mijinta ya yi masa addu'a. Samuel ya yi fushi ya bar gida na tsawon watanni. A 1702 ya komo suka shirya, shekara ta gaba aka haifi John.

A daren 9 ga Fabrairu 1709 gobara ta cinye gidansu ƙurmus. John, yana ɗan shekara biyar, ya maƙale a bene. Sai da wani ya hau kafaɗar wani aka zaro shi ta taga, rufin kuwa ya rufta jim kaɗan bayan haka. Daga baya Susanna ta ƙudura a zuciyarta za ta ƙara kula da ran wannan yaro.

Cikin dukan wannan tsanani ba ta bar tarbiyya ta yi rauni ba. Da zarar yaro ya iya magana, sai ta koya masa Addu'ar Ubangiji. Idan ya cika shekara biyar, sai ya shiga makarantar gida, wadda ake yi sa'a shida kowace rana. A rana ta fari a koyi baƙaƙe, daga nan a buɗe Littafin Farawa. Ta kafa doka cewa ba za a koya wa yarinya ɗinki ba sai ta iya karatu sosai. Yaron da ya faɗi laifinsa da gaskiya kuma ba a dukansa, domin kada tsoro ya koya masa ƙarya. Ban da wannan, ta keɓe wa kowane ɗa lokacinsa a mako, su zauna su biyu su yi zancen ruhu. Daren Alhamis shi ne na John.

A lokacin sanyin 1711 zuwa 1712, Samuel ya tafi babban taron ikkilisiya a Landan. Susanna ta fara tara iyalinta kowace Lahadi da yamma a ɗakin girki, su yi addu'a, ta karanta musu wa'azi. Maƙwabta suka riƙa roƙo a bar su su shiga, har taron ya kai wajen mutum 200. Mataimakin limamin ya kai ƙara wurin mijinta. Ta rubuta wa mijin cewa za ta yi biyayya idan ya ba da umurni kai tsaye, amma alhakin rayukan nan ya koma wuyansa. Samuel bai hana ba.

Bayan rasuwar mijinta a 1735, ta yarda John da Charles su tafi aikin bishara a Jojiya ta Amurka, ko da yake ita gwauruwa ce marar abin hannu. A 1739, tana karɓar Jibin Ubangiji, ta sami tabbacin gafarar zunubanta. Sa'ad da John ya so ya hana Thomas Maxfield wa'azi domin ba a naɗa shi ba, ita ce ta gargaɗe shi ya saurari mutumin tukuna. Ya saurara, ya yarda, masu wa'azi marasa naɗi kuwa suka zama ƙashin bayan aikin Methodist.

Ba dukan addu'o'inta ne ta ga amsarsu ba, gama wasu daga cikin 'ya'yanta mata sun sha azaba a gidajen aurensu. Duk da haka ta riƙe bangaskiya har ƙarshe. Ta rasu a Landan ranar 23 ga Yuli 1742, tana da shekara 73, bayan ta roƙi 'ya'yanta su rera zabura ta yabo idan ta cika. Aka binne ta a maƙabartar Bunhill Fields.

Shekara 100 daidai bayan rasuwarta, a 1842, Thomas Birch Freeman ya sauka a Badagiri da bisharar ikkilisiyar da ɗanta ya kafa. Ya ku iyaye mata, Susanna ba ta hau bagade ba, ba ta kuma da dukiya. Abin da take da shi shi ne Littafi Mai Tsarki, da haƙuri, da lokacin da ta keɓe wa kowane ɗa. Waɗannan suna hannun kowace uwa a cikinmu.